Fada Damiyan da Kutaren Molokai

Linjilar Yohanna, sura ta 13, ta kawo labarin daren da Yesu Almasihu ya ɗaura tawul, ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bayi ke yi a wancan zamani. Markus kuma, a sura ta 1, ya nuna shi yana miƙa hannu yana taɓa kuturu, mutumin da shari'ar Yahudawa ta ware daga jama'a. Idan muka lura, a wurare biyun hidimar ta kai har ga haɗa jiki da wanda ake yi wa ita. Tarihin Fada Damiyan zai nuna mana tsadar bin wannan koyarwa.

An haife shi a Beljiyam a 1840, ya isa tsibiran Hawai na tekun Pasifik a 1864. A 1865 masarautar Hawai ta kafa dokar killace kutare, aka riƙa kwashe su ana jibgewa a wani lungu na tsibirin Molokai, teku a gaba, tsauni a baya. Damiyan ya nemi a tura shi can, ya sauka a watan Mayu na 1873, shekarar da likita Hansen na Norwe ya gano ƙwayar cutar, tun ba a sami maganinta ba.

Shekara 16 ya yi tare da su. Ya gina gidaje, ya jawo ruwa, ya wanke gyambuna, ya ƙera akwatunan gawa, ya haƙa kaburbura. Abin da ya fi ratsa zukatan mutanen shi ne yadda yake tsoma hannu a akushi ɗaya da su. Daga bisani cutar ta kama shi, ya rasu ranar 15 ga Afrilu, 1889, yana da shekara 49.

Duk da haka bai tsira daga harsuna ba. Wani limamin coci a Honolulu, Charles Hyde, ya siffanta shi da ƙazanta da taurin kai. A 1890 marubuci Robert Louis Stevenson, wanda ya taka Molokai da ƙafarsa, ya mayar da martani a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa. Bai musanta taurin kan ba, sai dai ya tunatar cewa mai sukar yana zaune ne cikin gidansa mai daɗi lokacin da wanda ake suka yake tsakanin majinyata.

An soke dokar killacewar a 1969, Cocin Katolika kuma ta ayyana Damiyan waliyyi a 2009. Yau ana warkar da kuturta da magani, amma ƙyamar da ake nuna wa masu ita ba ta gushe ba, har a garuruwanmu, inda mukan jefa sadaka daga nesa mu wuce.