Gajerun Finafinan Gwaji da Waɗanda Suka Taskace Su

A shekara ta 1923 Miladiyya, a birnin Faris, wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka da ake kira Man Ray ya barbaɗa gishiri da masoro da ƙananan ƙusoshi a kan zaren fim, ya haska masa fitila, ya wanke, sa'an nan ya nuna wa jama'a abin da ya fito, wanda tsawonsa bai wuce minti uku ba, babu labari a ciki, babu jarumi. Wasu suka bi sahu, kowa da hikimarsa: Len Lye ya shafa launi a jikin zaren da hannunsa a 1935, Stan Brakhage kuwa a 1963 ya manna fukafukan ƙwari da ganyaye, bai taɓa kyamara ba.

Da yake masu gidajen silima ba su hango riba a irin wannan aiki ba, kwafi ƙalilan aka riƙa bugawa, ga shi kuma zaren fim mai faɗi na wancan zamani yana da saurin ruɓewa da kama wuta, saboda haka da ba don himmar wasu ɗaiɗaikun mutane ba, da galibinsu sun salwanta. Henri Langlois, wanda ya kafa taskar finafinai ta Faransa a 1936 tare da Georges Franju, bai yarda a zubar da fim don an raina shi ba, har ya ɓoye masu yawa sa'ad da Jamusawa suka mamaye ƙasar. A shekarar 1936 ɗin ce kuma Joseph Cornell, mai tara tsofaffin finafinai a New York, ya yayyanka wani fim na kasuwa, ya harhaɗa wuraren da tauraruwar ta fito, ya sa wa aikin sunanta, Rose Hobart.

Abin da ke jan masu tarawa, bayan ƙarancin kwafi, shi ne alamar hannun mai aikin, kamar yadda malami yakan fifita littafin da aka rubuta da alƙalami a kan na ɗab'i, alhali matanin ɗaya ne. Hukumomi daga baya suka farga: sai a 2001 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da fim ɗin Cornell cikin jerin waɗanda ya wajaba ƙasa ta adana, shekara 65 bayan nuna shi na farko.