Yadda Ƙwallon Golf Ta Koyi Tashi Sama

A filayen gaɓar tekun Sikotland, inda wasan golf ya yi jijiya tun ƙarni na 15, gwani shi ne mai iya riƙe ƙwallo ƙasa-ƙasa. Iskar teku kan tare duk ƙwallon da ta yi sama, ta jefa ta cikin ƙaya. Ƙasar wurin kuma tana da tauri, don haka ƙwallon da ta tafi a miƙe takan ci gaba da gangarawa bayan ta sauka. Daga can aka gaji ra'ayin da har yau yake rage wa masu wasan nishaɗi nisan bugu, wato wai bugun farko mai kyau shi ne wanda bai tashi sosai ba. Tarihin doguwar sandar bugun farko, wadda ake kira direba, tarihi ne na rushewar wannan ra'ayi sannu a hankali.

Darasin farko daga ƙwallo ya fito. A 1848 aka fara yin ta da ƙaron itacen gutta-percha, a madadin tsohuwar ta fata da ake cusa wa gashin tsuntsu. Sabuwar tana da santsi, amma takan faɗo da wuri. 'Yan wasa suka lura cewa wadda ta sha duka ta yi tabo ta fi sabuwa tashi, sai maƙera suka shiga sassara ta da guduma tun kafin a sayar. A shekarun 1890 Peter Guthrie Tait, malamin kimiyya a Jami'ar Edinburgh, ya bayyana abin da ke riƙe ƙwallo a sama: idan ta tashi tana juyawa da baya, iska kan tallafe ta daga ƙasa. A 1905 kuma William Taylor, injiniya a Ingila, ya nemi rajistar ƙirar 'yan ramukan da muke gani a jikin ƙwallo a yau.

Darasi na biyu shi ne wurin ajiye ta. A da, ɗan tudun yashi mai laima ake yi a ɗora ƙwallo a kai. George Grant, likitan haƙori baƙar fata a Boston, ya yi rajistar ɗan turken katako a 1899, amma bai kai shi kasuwa ba. Sai a shekarun 1920 turken William Lowell, shi ma likitan haƙori, ya karɓu. Turke ya ba ɗan wasa ikon zaɓar tsayin ƙwallo daga ƙasa, wanda shi ne sharaɗin dukanta yayin da kan sanda ya fara hawa sama.

Duk da haka tsohon ra'ayi bai mutu ba, domin yana da hujja. Ƙwallon da gwanaye suka riƙa har ƙarshen ƙarni na 20, mai zaren roba a ciki da fata mai laushi, juyawarta ta yi yawa. Idan aka ɗaga ta, sai ta haye sama ta tsaya, ta faɗo kusa. Maganin da suka samu shi ne rage karkatar fuskar sanda. Sanda mai digiri 8 ko 9 ta zama alamar gwaninta, masu koyo kuma suka kwaikwaya, alhali hannunsu bai kai saurin na gwanaye ba. In ka ga wani yana rawa da takobi, sai ka fara auna ƙarfin damtsenka.

Sauyin ya zo ta hanyoyi uku. Na farko, kan sanda ya bar katako. A 1979 Gary Adams ya kafa kamfanin TaylorMade da direban ƙarfe mai digiri 12. A 1991 Callaway ya fito da Big Bertha, kuma a 2004 hukumomin wasan suka tsayar da girman kai a 460cc. Babban kai mai rami a ciki ya ba maƙera damar mayar da nauyi ƙasa da baya, wanda ke taimakon ƙwallo ta tashi. Na biyu, a Oktoba 2000 ƙwallon Titleist Pro V1 ta shiga gasar ƙwararru a Las Vegas. Cikinta dunƙulalle ne, juyawarta daga direba kuma kaɗan ce. Na uku, a 2003 aka kafa TrackMan a Danmak, mai na'urar rada da ke auna kusurwar tashin ƙwallo da yawan juyawarta.

Da awo ya zo, gardama ta ƙare. Nisa na samuwa ne idan ƙwallo ta tashi da tsayi, juyawarta kuma ba ta yi yawa ba. Alƙaluman TrackMan da suka shahara sun nuna maza ƙwararru na Amurka suna dukan ƙwallo kan sanda na ɗan gangarowa, yayin da mata ƙwararru, masu ƙarancin sauri, ke dukanta yana hawa da kusan digiri 3. Saurin matan ya fi kusa da na akasarin masu wasan nishaɗi, saboda haka su ne abin koyi.

Abin da wannan tarihi ya bar wa ɗan wasa a yau a fili yake: ƙarin karkata a fuskar sanda, digiri 10.5 ko 12 ba tare da jin kunya ba. Turke mai tsayi har rabin ƙwallo ya leƙo saman kan sanda. Ƙwallo daura da dugadugin ƙafar gaba. Kafaɗar baya ta ɗan sauka. Wanda ya nace wa sanda mai digiri 8 don a ce shi gwani ne, yana neman maganin wata ƙwallo ce da aka daina amfani da ita fiye da shekara ashirin da suka wuce.