Tarihin Aikin Yanar Ido a Arewa, Daga Allura Zuwa Asibiti

Ture yanar ido da allura tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa da Fombina da sauran ƙasashen bakin Sahara. Masu yin ta galibi matafiya ne. Sukan sauka a ƙauye ko garin kasuwa, labari ya bazu, a riƙa jawo musu tsofaffi da sanda, su yi aikinsu su ƙara gaba. Ba su fitar da komai daga cikin ido, abin da ya tare gani suke turawa ciki.

Ƙwayar ido ta babban mutum faɗinta kusan milimita 24 ne. Tana zaune a wani gurbi da ƙasusuwa 7 suka haɗu suka gina, kitse na tallafe da ita, tsokoki 6 na juya ta, jijiyar gani kuma ta fita ta baya zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙashin goshi ya yi mata rumfa ta sama, hanci ya kare ta ta ciki. Gefen da ke wajen kunne ne ya fi zama a buɗe, shi ya sa tun zamanin da ta nan allura ke shiga. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, girmansa kamar ƙwayar wake, rataye da siraran zaruruwa, shi ke tattara haske ya jefa shi kan tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido. Tsakanin madubin da tantanin kuwa ruwa ne mai kauri. Idan shekaru suka ja, ko ciwon suga ko rauni ya taɓa madubin, sai ya dushe ya yi fari. Wannan ita ce yana.

Mai aiki kan zaunar da majiyyaci yana fuskantar haske, wani ya riƙe masa kai ta baya. Sai ya soka allura ko ƙaya a farin ido, ɗan nesa kaɗan da baƙin, ya kai tsininta kan madubin, ya danna har zaruruwan su tsinke, madubin ya nutse cikin ruwa mai kaurin nan. Wasu ba sa huda idon, dannawa suke yi daga waje. Nan take haske ya shiga. A ɗaga yatsu a gaban tsohon da ya shekara biyar a duhu, ya ƙirga su daidai, jama'a su ɗauki kabbara. Duk martabar sana'ar a wannan ɗan lokaci take, kuma ba sihiri a ciki: an kawar da abin da ya toshe hanya ne kawai.

Littafin Sushruta na Indiya ya bayyana aikin, haka ma Celsus na ƙasar Rum a ƙarni na 1 miladiyya. Likitocin Bagadaza da Misira suka gaje shi. Hunainu ɗan Ishaƙa, a ƙarni na 9, ya rubuta maƙaloli goma kan ido, kuma zanen da ke cikin kwafe-kwafen littafinsa ya sa madubin a tsakiyar ƙwayar ido, domin a lokacin an ɗauka shi ne mazaunin gani. A ganinsu yana wani ruwa ne da ke saukowa ya daskare a gaban madubin. Ke nan ɗaruruwan shekaru ana ture madubi ana zaton wani abu dabam ake turewa. Wajen shekara ta 1000 Ammar ɗan Aliyu, mutumin Mosil mazaunin Misira, ya ƙera allura mai rami wadda ake zuƙo yana mai laushi da ita, sai dai dabarar tasa ba ta kori tsohuwar hanya ba.

Littattafan likitanci na Larabci sun iso ƙasar Hausa tare da sauran fannonin ilimi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, yana cikin malaman da suka yi rubutu kan magani, har da littafi na musamman kan ciwon ido. Aikin hannu kuwa ba a zauren karatu yake ba, yana wajen masu sana'a da ke koya wa 'ya'yansu da yaransu. Wanda aikin bai karɓe shi ba yana da wurin komawa, domin a manyan garuruwa irin su Kano makafi na da unguwarsu da Sarkin Makafi.

A Turai ne aka gano kuskuren zaton cewa yana ruwa ne a gaban madubin. A 1705 Michel Brisseau ya yi wa gawar wani soja aikin allura, ya buɗe idon, ya tarar madubin ne kansa ya koma ƙasa. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya soma yanka ido ya fitar da madubin gaba ɗaya. Saura abin da zai maye gurbinsa, wannan kuma sai ranar 29 ga Nuwamba 1949, da Harold Ridley ya fara aikin dasa madubin roba a asibitin St Thomas na Landan. Ya lura ne cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi na zama a idon matuƙa ba tare da jiki ya ƙi shi ba. Shi Ridley ɗin ma ya taɓa aiki a Afirka ta Yamma, a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, inda ya yi nazarin makantar da baƙin ƙudan kogi ke jawowa, cutar da ta daɗe tana addabar ƙauyukan kwarin Binuwai da Taraba.

A Arewa, mishan na SIM sun buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yanzu yake hannun cocin ECWA. Ya yi suna har ƙetaren iyaka, amma ga mutumin Yola zuwa Kano tafiya ce ta yini guda a mota, ga kuɗin masauki, ga ɗan rakiya da zai bar gonarsa. A 1979 aka kafa Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna da dokar gwamnatin tarayya.  Mutumin Yola a yau yana iya kai tsohonsa Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama wanda a da ake kira FMC. A can ana kashe zafin wurin da allura, a yi ɗan yanka, a fitar da madubin, a sa na roba, yawanci cikin ƙasa da rabin awa, washegari a buɗe bandeji.

Duk da haka tsohuwar sana'ar ba ta mutu ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, Arewa maso Gabas ce kan gaba da kashi 6.1, yana kuma ita ta jawo kashi 43 na makantar. Cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, kusan kashi 43 turewa aka yi, kuma kusan kashi 73 na waɗannan a makance aka same su. Dalilin ɗorewar sana'ar ba ɓoyayye ba ne. Mai allura shi ke zuwa ƙofar gida, ana ciniki da shi, yana magana da harshen mutane, sakamakonsa kuma a gaban shaidu yake bayyana. Ɓarnar kan biyo baya ne, lokacin da ya riga ya bar gari.

Allurar da ba a tsabtace ba tana kai ƙwayoyin cuta cikin ido, ya yi ruwa ya mutu cikin 'yan kwanaki. Madubin da ya fashe a ciki yana haddasa kumburi da hawan jinin ido, wanda ke cinye jijiyar gani a hankali, tantanin baya ma yana iya ɓallewa. Ko aikin ya tafi lafiya, ido marar madubi dishi-dishi yake gani sai an sa tabarau mai kauri ƙwarai, abin da masu sana'ar ba kasafai suke bayarwa ba. Idan irin wannan majiyyaci ya zo asibiti daga baya, akan gwada masa tabarau a sauke masa hawan jinin ido da magani. Ciro madubin da ya nutse kuwa sai ƙwararren likitan bayan ido da na'urori na musamman, waɗanda sai a manyan cibiyoyi ake samun su.