Annobar Ikko ta 1924 da Abin da Ta Bar Mana

A watan Oktoba na 2023 da gwamnatin Legas ta rufe kasuwar Mile 12 na 'yan kwanaki saboda ƙazanta, na ji wasu namu suna cewa ƙiyayya ce kawai. Wannan ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihi, don wannan rikici ya girmi iyayenmu.

A shekarar 1924 wata annoba ta ɓarke a tsibirin Ikko, wadda malamai ke kira ɗa'un. Ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta sa wa mutum, sai zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta kumbura a hammata ko matsematsi, cikin kwanaki kaɗan sai rasuwa. A lokacin babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Ba ta lafa ba sai 1931, bayan ta ci rayuka sama da 1,800, ta kuma tsallaka har ƙasar Ijebu.

Abin da ya shafe mu shi ne, hukuma ta danganta shigowarta da fataucin goro daga Gwalkwas, wato Ghana ta yau, inda cutar ta riga ta ɓulla a Sekondi da Kumasi a wannan shekarar. Goro kuwa kowa ya san sana'ar kakanninmu ce. A Kumasi ma zango ne ya sha wahala, aka rushe gidaje aka gina sabon zango.

A Ikko, Majalisar Gari da aka kafa a 1917 tana cikin masu ɗauke da nauyin tsabtar gari. Aka baza ma'aikatan duba-gari, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole, suna shiga gida-gida, ana kama ɓeraye, ana fesa magani, ana killace marasa lafiya da waɗanda suka yi hulɗa da su. Tsoron killacewa ya sa wasu suka riƙa ɓoye majinyata, cutar kuma ta ƙara samun wurin zama. A 1928 aka kafa hukumar tsara birnin Legas, aka rushe gidaje a unguwar Oko Awo inda cutar ta yi katutu. Dakta Isaac Oluwole, wanda ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci sashen lafiya na majalisar a 1936, ya yi fice wajen horar da 'yan duba-gari.

To jama'a, gaskiya biyu ce a nan. Ta farko, Turawa sun ware wa kansu Ikoyi mai iska da fili, suka bar talaka cikin cunkoso babu magudanar ruwa, sannan suka ɗora masa laifi. Ta biyu kuma, ɓera bai san ƙabila ba, inda ya ga hatsi da shara nan yake tarewa, kuma rumfunanmu cike suke da hatsi.

Baƙo ake fara nuna wa yatsa idan cuta ta zo. Don haka kada mu jira takardar rufe kasuwa. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su sa ranar shara, a yashe kwata, a ɗaga buhuna daga ƙasa, wanda ya kwanta da zazzaɓi a kai shi asibiti kada a ɓoye. Idan mun yi namu, sai mu samu bakin tambayar ƙaramar hukuma ina harajinmu yake tafiya.

Allah ya kare mu daga annoba, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.