Kisan Titin Morgue

"The Murders in the Rue Morgue", wato Kisan Titin Morgue, gajeren labari ne na marubucin Amurka Edgar Allan Poe. Ya fito a mujallar Graham's ta birnin Philadelphia a watan Afrilu na 1841, kuma masana adabi da dama na ɗaukarsa a matsayin tushen ƙagaggun labaran binciken laifi na zamani.

A Paris labarin ya faru. An tarar da wata mata da 'yarta an kashe su, ɗakinsu a kulle ta ciki, an cusa gawar 'yar cikin bututun hayaƙi. Maƙwabta sun ji wata murya mai kaushi, amma kowa da harshen da ya ce ya ji, kuma harshen da shi kansa bai iya ba. Nan gizo ke saƙar. Auguste Dupin, wanda ba ɗan sanda ba ne, ya lura da wannan saɓani, ya duba taga da wani gashi da ba na mutum ba, ya gano cewa wani ƙaton biri, orangutan, da ya kuɓuce wa wani matuƙin jirgin ruwa ne ya yi kisan. 

Poe ya sake kawo Dupin cikin labarai biyu. Salon Poe na mai bincike da abokinsa mai ba da labari shi Arthur Conan Doyle ya ɗauka ya gina Sherlock Holmes a 1887.