Kaset ɗin Memori na Gida: Abin da Yake Koya wa Mai Gyara

A Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, Abuja, akwai samarin da ke iya ɗage ayisi daga fanel ɗin waya su liƙa wata da dalma. Gwanintar hannu ce ta gaske, amma wayar zamani ba ta barin mai gyara ya ga yadda ƙwaƙwalwar na'ura ke nemo abin da ta adana. Ginin kaset ɗin memori na tsohuwar kwamfuta kuwa yana buɗe wannan a fili, shi ya sa ya cancanci nazari.

A ɗauki VIC-20 ta kamfanin Commodore, wadda ta shiga kasuwar Amurka a 1981. Ƙwaƙwalwarta, 6502, tana da layukan adireshi 16, wato tana iya kiran gurbi 65,536. Memorin da aka sa mata kilobait 5 ne kacal, kuma bait 3,583 ne ke rage wa mai rubuta shiri. Yawancin guraben babu kowa a ciki. Aikin kaset shi ne ya cike su ta kafar faɗaɗawa mai haƙora 44 da ke bayan na'urar.

Samun ayisin memori ba shi ne wahalar ba. Guda ɗaya samfurin 62256 na ɗauke da kilobait 32. Wahalar tana wajen rabon adireshi. Layukan bayanai guda 8 ne kowa ke amfani da su, don haka dole ayisi ɗaya ce za ta amsa a kowane kira, kamar yadda ɗalibi ɗaya ke amsa suna a aji. In biyu suka amsa tare, bayanin ya dagule. Commodore ta sauƙaƙa wannan da layukan zaɓe, BLK1, BLK2, BLK3 da BLK5, kowanne na wakiltar kilobait 8, sai mai gini ya haɗa su da 'yan ƙofofin lissafi. Akwai kuma wani tarko: da zarar an ƙara kilobait 8, na'urar na ɗauke memorin allo daga gurbi 7680 zuwa 4096, sai wasannin da aka rubuta don tsohon tsari su ƙi tashi. Saboda haka kaset mai kyau ke zuwa da makunnai na kashe wani sashe.

Tarihi ya nuna haɗin kaset da na'ura ma ba abin wasa ba ne. Ƙarin memori mai kilobait 16 na kwamfutar ZX81, wadda kamfanin Sinclair ya fitar a Ingila a 1981, ya yi ƙaurin suna: motsi kaɗan, haɗin ya yanke, aiki ya tafi. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, kaurin fanel da tsabtar haƙora sun zama wajibi. Sannan tsofaffin na'urorin da volt 5 suke aiki, alhali yawancin memorin yau 3.3 ne ko ƙasa da haka, kuma haɗa su kai tsaye na iya kashe ayisi a hankali.

A ganina abin da ya rage wa mai gyaran Abuja shi ne zanen fanel. Manhajar zane ta KiCad kyauta ce, masana'antun Shenzhen na buga fanel 'yan ƙalilan su aiko, liƙin dalma kuma ya riga ya iya.