Daga Nagoya Da Kano Zuwa Venlo

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan taɓo tarihin ƙwallo. A gidajen kallo na Gwarzo da Kabo kowa ya san Ahmed Musa ya yi CSKA Mosko da Leicester, amma da wuya ka ji an ambaci ƙungiyar da ta fara kai shi Turai, wato VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Ni kuwa a nan labarin ya fi yi mini daɗi.

Venlo ƙaramin gari ne a bakin iyakar Jamus, kuma ƙungiyarsu ba ta da kuɗin ja da su Ajax. Sai suka yi dabarar ɗan kasuwa mai ƙaramin jari: saro kaya a inda manya ba su waiwaya ba. A Janairun 2008 suka ɗauko Keisuke Honda daga Nagoya Grampus ta Japan. Bai hana su faɗawa rukuni na biyu a shekarar ba, amma a kakar da ta biyo shi ne kyaftin, ya ci ƙwallo 16, suka dawo rukunin farko. A farkon 2010 suka sayar da shi ga CSKA, suka koma Nagoya ɗin suka ɗauko mai tsaron baya Maya Yoshida.

A shekarar nan ce idonsu ya kai Kano. Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, Venlo ta yi wuf da shi, sai dai dole ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin dokar FIFA ta bari ya buga. Ka ga ikon Allah, yaron Pillars a gaba, mutumin Nagoya a baya, riga ɗaya! A Janairun 2012 shi ma aka miƙa shi CSKA, ya tarar da Honda a can.

Su Japanawa sun daɗe da sanin wannan ciniki, tun daga besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki. A 1995 Hideo Nomo ya ce ya yi ritaya daga ƙungiyarsa ta Kintetsu, sai ga shi a Dodgers ta Amurka, ƙungiyar ta tashi a tutar babu. Abin ya yi musu ciwo. A 1998 aka ƙulla yarjejeniya: duk ƙungiyar Amurka da ke son ɗan wasan da ke ƙarƙashin kwantiragi, sai ta biya ta gida. Saboda Ichiro Suzuki, Seattle ta biya Orix kimanin dala miliyan 13 a 2000. Da Dodgers ta ɗauki Yoshinobu Yamamoto a ƙarshen 2023, Orix ta samu wajen miliyan 50, ban da miliyan 325 na kwantiraginsa. Dodgers ɗin ta ci kofin 2024 da na 2025.

Mu fa? Lokacin da Musa ke zuba ƙwallaye a filin Sani Abacha, aronsa Pillars ta yi daga makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos. Kano ta yi tafi, ta yi suna, amma riga ce ta aro. A ganina wannan ya fi kowace ƙwallo da ya ci cancantar a yi musu a kai a majalisa, musamman ga masu horar da yara a filayen firamare na ƙauyukanmu ba tare da ko takarda ɗaya a tsakaninsu ba.

Musa ya dawo Pillars a 2021, ya kuma sake dawowa a 2024.